Zaɓen Sil Ɗin Shokazoba Ga Tsohon Babur A Illela

 Sharhinmu na yau a kan tsohon babur ne, da wata 'yar roba a gabansa wadda ko tafin hannu ba ta cikawa.

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Illela ranar Lahadi, in ya bi ta inda ake jera babura, zai ga mafi yawa Boxer ne da Kasea da sauran 'yan yayi. Amma a tsakaninsu ba a rasa tsofaffin hannu: Honda Benly, Roadmaster, CG125 na farko-farko, Yamaha YB100, Suzuki A100. Masu su galibi dattawa ne, tsohon malamin makaranta, tsohon malamin gona, limamin ƙauye, ko kuwa ɗan da ya gaji babur ɗin mahaifinsa ya ƙi sayarwa. Ku sunkuya ku dubi gaban waɗannan babura, wurin sanduna biyu masu ƙyalli da suka sauko daga kan babur zuwa tayar gaba. Sau da yawa za ku ga wani baƙin zobe na mai da ƙura ya kewaye sandar, ya dunƙule kamar kwalta, mai yana bin bututun ƙasa yana gangarawa har gindin taya. Wani ma za ku tarar an naɗe wurin da tsumma an ɗaure da robar tayar keke. In ka tambayi mai shi, amsar ɗaya ce: "Shina zubda mai, Malam. Na canza sil har na gaji."

Na yarda ya canza. Abin da nake so mu duba yau shi ne me ya sa sil ɗin da aka sa bai daɗe ba, kuma ta yaya mai tsohon babur zai zaɓi wanda zai zauna.

Bari mu fara da abin da ke cikin shokazobar gaba, don mutane da yawa sun shekara talatin suna hawa ba su taɓa ganin cikinta ba. Kowace ƙafa tana da sanda ta ƙarfe mai santsi da aka lulluɓe da kurom, tana shiga tana fita cikin bututun ƙasa wanda aka ɗaure tayar a jikinsa. A ciki akwai dogon sifirin, shi ke ɗaukar nauyi. Akwai kuma mai. Idan taya ta faɗa rami, sifirin ya matse, sai ya nemi ya dawo da ƙarfi. Man nan ne ake tilasta wa bi ta wasu ƙananan huji, shi ke rage wa sifirin gaggawa, ya sa taya ta dawo a hankali ta manne da ƙasa. In babu mai, sifirin kaɗai ya rage, sai gaban babur ya yi ta tsalle. Taya kuwa duk lokacin da take sama ba ta riƙe hanya, birki ba ya aiki a kanta, kan babur ba ya juya ta. Kamfanin BMW na Jamus ne ya fitar da irin wannan shokazoba mai mai a babur ɗinsa R12 a 1935, kuma har yau kusan duk babur ɗin da ke kan titinmu a kan wannan dabara yake tafiya.

Abin da ke tsare man a ciki shi ne sil. Ku ɗora shi a tafin hannu ku duba. Zobe ne baƙi, an saka ƙarfe cikin roba don ya tsaya da ƙarfinsa. A cikinsa akwai leɓe siriri mai kaifi wanda ke rungumar sanda, bayan leɓen kuma akwai wani ɗan sifirin siriri kamar zare da ke ƙara matse shi. Duk aikin a kan wannan leɓe yake, faɗinsa bai kai kaurin farce ba, kuma sanda na goga shi sama da ƙasa sau dubbai tsakanin Illela da Gwadabawa kaɗai. Wani abin da zai ba mutanen Sakkwato sha'awa, ƙasar majema da dukawa: kamfanin Freudenberg na Jamus, wanda ya yi suna a wannan sana'a, asalinsa majema ne, kuma da fata ya fara yin sil a 1929 kafin a koma roba.

Me ya sa na damu da ɗigon mai? Saboda inda yake zuwa. Tsofaffin baburan nan birkin gabansu na ganga ne, yana nan daidai ƙarƙashin ƙafar shokazoba. Mai in ya gangaro ya sami hanya ya shiga, ya jiƙa takalmin birki, to ka matse hannu har ya taɓa roba babur bai tsaya ba. Wani kuma kan taya yake sauka. Ga shi sau da yawa ƙafa ɗaya ce ke tsiyayewa ta bar ɗaya, sai gaban ya riƙa karkata duk lokacin da aka taka rami ko aka ja birki. A kan hanyar Sakkwato, mai tsawon fiye da kilomita 80, inda tirela ke wucewa dab da kafaɗarka, ga shanu na tsallakawa, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

To mu zo kan zaɓe. Kuskuren farko, kuma mafi yawa, shi ne sayen sil da sunan babur. Dattijo ya aiki yaro shago: "Ka ce a ba ka na CG." Mai shago ya miƙo. Ko kuwa bakanike ya ɗora tsohon a kan sabo, ya ga sun yi kama, ya ce, "Duk guda na, Baba, wanga na shiga."

Sunan babur ba ya isa, kuma ga dalili. Ɗauki CG125. Honda ta fitar da shi a 1975, bayan injiniyoyinta sun zagaya ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan a 1974, suka ga yadda ake lafta wa babur kaya, ana hawansa har sai ya tsaya kafin a kai shi gareji. Don irin rayuwarmu aka yi shi. Amma daga nan an ƙera shi a Japan, an ƙera a Brazil tun 1976, an ƙera a Pakistan, sannan kamfanonin China suka kwaikwaye shi iri-iri. Suna ɗaya, amma ba lallai awon gabansu ya zo ɗaya ba. A nan gida ma, baburan da suka cika ƙasar nan bayan ƙarin albashin Udoji na 1975, lokacin da ƙaramin ma'aikaci ya fara iya mallakar abin hawa, ba ta ƙofa ɗaya suka shigo ba. Wasu daga waje aka kawo su a haɗe, wasu a nan aka harhaɗa: Honda ta kafa kamfaninta a Ota ta jihar Ogun a 1979, Yamaha na hannun John Holt, Suzuki na hannun Boulos. Sannan ku ƙara da shekara 40 ko fiye na gyare-gyare. Babur ɗin da ya taɓa karo a zamanin Shagari, wa ya san daga jikin wane babur aka ciro ƙafafun da ke gabansa yau? Tanki na iya cewa Honda, gaban kuwa na Jincheng ne.

Saboda haka da awo ake sayen sil. Lamba uku ce, kuma galibi a rubuce suke a bayan tsohon, in an wanke shi da kananzir aka duba a rana. Ta farko faɗin hujin ciki, wato kaurin sanda. Ta biyu faɗin waje, wato girman gurbin da zai zauna a bakin bututu. Ta uku tsayinsa. Duka da milimita. Ku saurari wannan misali da kyau. Akwai sil mai lamba 27, 37, 7.5. Akwai kuma mai lamba 27, 39, 10.5. Dukansu biyu ana samunsu a ƙananan baburan Honda, dukansu za su shiga sanda mai kaurin 27 daidai, har mai shago ya zura maka a sanda ka gani da idonka ka gamsu. Amma ɗaya ya fi ɗaya faɗi da milimita 2, ya fi shi tsayi da milimita 3. Haka a masu sanda 30, akwai mai faɗin waje 40.5, akwai mai 42. In ka sa ƙarami a babban gurbi, mai zai bi ta bayansa ya fita, leɓen na nan lafiya lau. In ka sa babba a ƙaramin gurbi, sai an doke shi da guduma, ƙarfen cikinsa ya lanƙwashe, wani lokaci bakin bututun alminiyon ya tsage, a nemi gyaran sil a ƙare da neman ƙafa sukutum. In tsayi ne ya yi yawa, kilif ɗin da ke danne shi ba zai faɗa cikin layinsa ba, sai a jefar da kilif a ce ba dole ba ne. Ramin farko mai zurfi, sil ya yi sama.

Na sha ganin an naɗa wa sil zare, ko leda, ko an shafa masa gam don ya cika gurbi. Ina girmama basirar makanikanmu, don da ita ce baburan nan suka kai yau. Amma a wannan wuri basira ba ta maye gurbin awo. In lambar ta goge, akwai ma'aunin ƙarfe mai baki biyu da ake kira baniya, wanda masu injin yankan ƙarfe ke aiki da shi. A auna sanda a wurin da ba ta ci ba, a auna gurbin, a auna zurfinsa daga ƙasa zuwa layin kilif. Kuɗin wannan ma'auni bai kai na tayar baya ba, kuma zai yi wa gareji aiki shekara da shekaru. Ina kira ga iyayen gidan gareji na Illela, masu yara goma goma a ƙarƙashinsu, kowa ya mallaki ɗaya ya koya wa yaransa karanta shi. Mai babur kuma, da zarar an gano lambarsa, ya rubuta a takarda ya ajiye tare da takardun babur.

Abu na biyu, ba duk sil mai lamba daidai ne na shokazoba ba. Akwai wanda aka yi don ƙarfe mai juyawa, irin na bakin giya ko na kikis ko na injin ban ruwa. Lambobinsa na iya zuwa daidai da naka. Amma leɓensa an tsara shi ne don abin da ke kewayawa a wuri ɗaya, ba don sanda mai shiga da fita ba, kuma ba a yi shi don jure matsin da ke tasowa lokacin da gaba ya nutse ba. Na shokazoba yakan zo da leɓe biyu, na ƙasa mai tsare mai, na sama mai share datti, kuma masu kyau da yawa kowane leɓe da nasa siririn sifirin. Ka juya shi ka duba ciki da waje. Ka tambayi mai shago kai tsaye: na shokazoba ne ko na inji? Mai gaskiya zai faɗa maka.

Abu na uku shi ne wanda na fi so dattawanmu su ji, don ya saɓa wa abin da muka saba ɗauka. Mai tsohon babur yana ƙaunar kalmar orijinal. In aka ce masa ga wani ɗan Japan, tun na da, a cikin ledarsa ta asali, an tono shi daga ƙasan akwatin wani tsohon shago, zai biya ninki uku yana murna. In fistin ne ko giya ko wani abin ƙarfe, ya yi dace. Amma roba tana tsufa ko ba a taɓa ta ba. Yawancin sil da robar da ake kira naitiril ake yin su, kuma hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, a ƙa'idarta ta ajiyar kayan roba, shekara 7 ta ɗibar wa irin wannan kafin a sake bincikarta, shi ma da sharaɗin an ajiye ta a duhu, a wurin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. Ku kwatanta da shagon kwano a Illela cikin watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa ke haura 40. Ku tuna yadda ake zura sil a waya a rataye a ƙofar shago, rana na dukansa tun safe. Wanda ya shekara 30 a haka, ko da hannun sarkin Japan aka yi shi, ya bushe. Sabon sil na kamfani mai mutunci, ɗan Indiya ne ko ɗan Taiwan ko ɗan China, in awonsa daidai ne, ya fi tsohon orijinal da ya ƙeƙashe.

Yadda za ka gane kuwa a hannunka yake. Ka danna leɓen da ɗan yatsa, ya kamata ya lotsa ya dawo nan take. Ka ɗan buɗe shi a rana ka duba, in ka ga ƙananan tsage-tsage ko wani fari-fari, mayar masa da abinsa. Bakin leɓen ya zama mai kaifi, sumul, babu ɓurɓushin roba da ya rage daga wurin zubi. Siririn sifirin ya zauna daram, babu tsatsa. Lambobi su fito sarai. Kamfanin NOK na Japan yana cikin manyan masu yi wa kamfanonin babura sil, shi ya sa masu jabu ke son buga sunansa. Leda da tambari ba su da wuyar kwaikwayo, kaifin leɓe da laushin roba ne ke da wuya. Kada kunya ta hana ka buɗe leda a gaban mai shago. Kuma a sayi biyu, a canza ƙafafun tare.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma ita ce amsar dattijon da ya ce ya canza har ya gaji. Sau da yawa sil ba shi da laifi, sanda ce ta lalace. Kurom ɗin da ke jikinta siriri ne ƙwarai. Tsakuwa ta buge shi, damina ta shiga, tsatsa ta huda, sai a sami ƙananan ramuka masu kaifin baki. Kowane shiga da fita, bakin ramin na yankar leɓen. Sabon sil mafi tsada a duniya ba zai yi wata guda a kan irin wannan sanda ba. Kafin ka kashe ko kwabo, a ɗaga gaban babur, a goge sandar tas, ka bi ta da farce daga sama har ƙasa, musamman daidai inda sil ke kai da komowa. Duk inda farce ya maƙale, leɓe ma zai maƙale. In ƙananan ƙuraje ne, ana kwantar da bakinsu da samfefa mai laushi sosai, lamba 800 ko sama, a jiƙa da mai, a riƙa gogawa a kewaye, kada a bi tsawon sanda, don layin da ya bi tsawo hanya ce aka yi wa mai. Ramin da ya ɗan yi zurfi wasu kan cike shi da gam mai haɗi biyu su goge ya yi daidai, kuma yana ɗan kai mutum. Amma in kurom ya ɓare, ko ya cinye har baƙin ƙarfe ya bayyana, gaskiya ita ce a nemi wata sanda mai kauri da tsawo ɗaya, sabuwa ko ta jikin wani babur da aka kwance, a bi ta da farce ita ma kafin a biya.

A duba lanƙwasa. A ciro sandar a mirgina ta a kan gilashi, in tana ɗingishi ko haske na wucewa ƙarƙashinta, ta lanƙwashe. Littattafan gyara na Honda sukan sa iyakar abin da za a yarda da shi a 0.2 na milimita, abin da ido ba ya gani. A kuma kama ƙafar a girgiza ta gaba da baya. Da yawa daga tsofaffin baburan nan sanda na gogar jikin bututun ne kai tsaye, to in cikin ya cinye ya yi faɗi, sanda za ta riƙa kaɗawa tana buɗe leɓen ta gefe guda.

Me ke cinye su haka? Ƙasarmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na sauke mana ƙura mai laushi wadda ke shiga ko'ina. Hanyoyin Kalmalo da Araba da sauran ƙauyuka turɓaya ce da rairayi. Ƙura in ta haɗu da danshin mai a jikin sanda, sai ta zama abin guga, kamar yadda mata ke cuɗa toka da yashi su kankare bayan tukunya. Waɗanda suka ƙera baburan nan sun san da haka, shi ya sa da yawansu suka zo da robar nan mai ninki-ninki da ke rufe sanda, wasu kuma da murfin ƙarfe. Yau sai ka ga robar ta yage an yanke ta an yar, ko samari sun cire don sanda ta yi ƙyalli. A ra'ayina, a garin nan, wannan roba ta kai sil muhimmanci. Wanda zai sayi sil ya haɗa da ita, in ba a sami ta babur ɗinsa ba a nemi ta wani mai kauri ɗaya, a ɗaure ta sama da ƙasa, a bar ɗan hujin da take numfashi yana kallon baya.

Sai kaya. Mu mutanen iyaka ne, babur ne jakinmu kuma shi ne motarmu. Buhun gero, buhun albasa, rago a ɗaure a tanki, mutum uku. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, zumunci da neman abinci ba su tsaya ba, sun koma hanyoyin daji ne, kuma babura suka ɗauki wahalar. Na 'yan kabu-kabu, ana sayensu ne a more su a sake wasu. Tsohon Benly ba haka yake ba, in ƙafarsa ta tafi ba lallai a sami wata ba. Kaya mai nauyi a kan tanki ko a kan babur yana sa gaba ya nutse har ƙarshe a kowane rami, matsin ciki ya hau, ya nemi mafita ta wurin leɓe. Mai tsohon babur ya tausaya masa, ya bar wa Boxer dakon buhu.

Man da ake zubawa ma a kula. Baƙin man da aka tsiyaye daga inji, wanda wasu ke juyewa a shokazoba don ba a sayensa, cike yake da garin ƙarfe da datti, yana cin leɓe daga ciki. Man birki kuma, da wasu ke ɗigawa wai ya kumbura roba ɗigo ya tsaya, yana iya tsayar da shi na 'yan kwanaki, daga nan robar ta lalace gaba ɗaya. Akwai man shokazoba na musamman, mai lamba 10 ya dace da yawancin ƙananan babura. In ba a samu ba, jan man nan na giyar mota mai canza kanta yana yi, shi ne ma Honda ta rubuta a littattafan baburanta da dama na shekarun 1970. A auna shi da sirinji ko kwalba mai layi, ƙafa biyun su sami daidai wa daida, gwargwadon abin da aka ƙayyade wa wannan babur. Cika shi fal ba gata ba ne. Dole a bar wa iska wuri a sama, in babu, ramin farko zai tura sil waje.

Wurin sawa, abu kaɗan ne amma a nan ake kashe sabon sil tun bai fara aiki ba. Gefen da ke buɗe, mai siririn sifirin babba, shi ke kallon ƙasa wajen mai, lambobi na kallon sama. A wanke gurbin tas. Wajen ciro tsohon, a sa tsumma ƙarƙashin sukudireba kada ta ci bakin bututu. A shafa wa leɓe mai. In za a zura shi ta kan sanda, a rufa wa bakin sandar 'yar leda don kaifinta kada ya yanke shi. A tura shi da guntun bututun roba na ruwa mai faɗi daidai, ko a ɗora tsohon sil a kansa a riƙa bugawa a hankali a kewaye, har layin kilif ya bayyana duka. Kada bakin sukudireba ko ƙusa ya taɓa shi. Kilif ya faɗa gurbinsa, a ji ƙararsa. Ku kuma, iyayena masu babura, in yaro na wannan aiki ku daina tsaya masa a kai kuna "yi maza, ɗiyana, kasuwa na watsewa." Aikin na son natsuwa da wuri mai tsabta, ba tsakiyar turɓaya ba. Ku kawo shi ranar da ba ta kasuwa ba.

Ga 'yan kasuwarmu masu kayan babur ina da roƙo. Na san halin da ake ciki. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, kuma ba wanda ke son ya zuba jarinsa a kayan da sai an jima ake tambaya. Kayanku daga kasuwar Nkwo ta Nnewi da Legas da Kano suke zuwa, a da wasu ta Kwatano suke ɓullowa Konni a tsallaken iyaka, kuma dilolin can abin da ke tafiya suke turowa, wato na Boxer da ire-irensa. Amma sil ba ya cin wuri, ba ya cin jari mai yawa. In kuka riƙa yin oda da lamba maimakon sunan babur, za ku ga awo biyar ko shida sun ɗauke kusan duk tsofaffin baburan da ke tsakanin Gwadabawa da Gada da Illela har Konni da Galmi, domin sil ɗin da ake yi wa wani sabon babur yau sau da yawa shi ne daidai awon wani na 1978. Ku sauke su daga wayar ƙofar shago, ku zuba a gwangwani mai murfi a inuwa, kowane awo da nasa, a rubuta lambar a jiki. Wanda ya zo da tsohon sil a hannu, ku karanta lambar tare da shi, in babu irinsa ku ce babu, ku karɓi lambar ku sa a odar mako mai zuwa. Mai Benly da ya shekara 40 da babur ɗinsa zai iya jiran kwana bakwai, in ya tabbata abin da zai zo nasa ne.

Masu Vespa da tsohuwar Honda 50 ko 70 mai gajeren hannu a gindin tayar gaba, ku gabanku wani tsari ne daban, babu irin wannan sil a ciki, kada a sayar muku. Naku bushi ne da 'yar shokazoba, kuma za mu ware musu rana.